Satar Tafintan Malam Badaru

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Malam Badaru ya buɗe ɗakinsa na ƙofar gida ya tarar an ɗauke masa tafinta.

Baƙo zai zaci mutum aka sace, amma duk Rafin Dinya an san abin da ake nufi. Malam Badaru ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin ɗaukar sauti a wani gidan rediyo a birni. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu, can gefen Tsanyawa, da tarin faifan sidi na makaɗan karkara waɗanda shi da kansa ya ɗauka, da kuma akwatuna biyu na sauraronsu. Babban, mai sheƙi, wanda ke haɗiye faifai ya juya shi, yana kiransa ɗan aike. Ƙaramin kuwa, baƙi, da ƙyar ya kai girman burodi, shi ne tafinta.

Shekarun sun yi tsanani. Taki ya gagari manomi, mai ya yi tsadar da babura suka koma jingine a bango, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Abin jin daɗi ɗaya da ya rage wa dattawan garin kyauta shi ne zaman bayan la'asar a ƙofar gidan Malam Badaru. A shimfiɗa tabarmi, a kunna da wutar sola, a ji goge da garaya da kukuma kamar makaɗan na zaune a tsakiyarsu. Shi ya sa labari na fita rabin gari ya taru a wurin.

"Sabo ne," in ji wani. "Wa ya san kan waɗannan kaya in ba shi ba?"

"Kuma ni ban gan shi a masallaci ba."

Sabo shi ne mai gyaran rediyo, wanda ke kasa kayansa a kasuwar Tsanyawa. Ɗan ƙaramin mutum ne marar hayaniya. Yana tsaye a gefe, hannuwansa a aljihu, ya rantse sau ɗaya tak. Da aka tambaye shi inda ya tafi lokacin salla sai ya sunkuyar da kai. Samari suka fara maganar a kai shi wurin 'yan sanda.

Mai unguwa Usaini ya ɗaga hannu. "Ba wanda zai taɓa shi. Kuma kada ƙafar kowa ta ƙara bi ta bayan ɗakin nan. A kira mini Buwai."

* * *

Buwai mutumin tsallaken rafi ne, daga gidajen Maguzawan da suka shiga coci tun zamanin iyayensa. Ya yi farauta har daji ya ƙare, ya koma bin sawun akuya da jaki in an sace. Dattijo ne mai sanyin tafiya, ba ya rabo da goro a kunci, kuma bai taɓa jin rayuwa ta rage shi da komai ba. Ya zo da sandarsa, ya gaisa da kowa har da yara, sannan ya shiga ɗakin.

"Na ba ka zuwa jibi da la'asar," in ji mai unguwa. "Bayan nan ba zan iya riƙe samarin nan ba."

Buwai ya tsuguna gaban teburin. "Malam, ni akuya da jaki na sani. Faɗa mini abin da nake nema."

Malam Badaru ya share fuska da hularsa. "Abin da ke cikin faifai ba sauti ba ne, Buwai, lambobi ne zalla. Ɗan aike yana karanto su ya miƙa, shi bai san ma'anarsu ba. Ko kunnenka ka manna a jikinsa ba abin da za ka ji. Tafinta ne ke karɓa ya mayar da su kiɗa, sannan lasifika ta faɗa. In ɗan aike mai rawar hannu ne, saƙo ya zo a hargitse. In kuma tafinta bai ƙware ba, ko saƙon ya iso lafiya sai ya cinye rabin maganar."

"To me ya sa aka bar babban? Shi ya fi ɗaukar ido."

"Abin da ke damuna ke nan. Ɓarawon da bai san komai ba mai sheƙi zai sungumi. Wannan ya san inda daɗin yake. Dubi wayoyin, kwance su ya yi, bai fizga ba."

Buwai ya duba. Har ƙyallen da ake rufe ɗan aike da shi an mayar, an daidaita bakinsa.

"In ba tafinta, ba kiɗa ke nan?"

"Akwai. Bari ka ji irinsa."

Malam Badaru ya jawo wata tsohuwar dibidi daga ƙarƙashin gado, irin ta kasuwa. "Ita wannan ɗan aike da tafinta duk a ciki ɗaya suke, kowanne na araha." Ya haɗa ta da lasifikar, ya zaɓi faifai. "Ga gogen yayanka Maikano, wanda na ɗauka tun muna samari."

Buwai ya sha jin faifan nan a wannan ƙofar. Ya san yadda izga ke gogar tsirkiya har mutum ya ji tsigar jikinsa na tashi. Ya san wani dogon numfashi da Maikano ke ja kafin ya ɗaga murya. Yanzu kiɗan shi ne, waƙar ita ce, amma kamar an zuba su a gwangwani. Izgar ta koma ƙara kawai. Numfashin kuwa babu shi sam.

"Irin wannan muke ji a gida," in ji Buwai. "Kwafin da ka ba mu, a dibidi ake sa masa tun da ɓarin jikinsa ya shanye."

"Ya jikin nasa?"

"Sai addu'a. Abinci ma sai an yi da gaske." Buwai ya miƙe. "Wa ya taɓa neman aron tafintan?"

"Mai unguwa, lokacin bikin 'yarsa. A gaban mutane na hana shi. Na ce ko wane ne, tafinta ba ya fita ɗakin nan."

* * *

An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa na da taushi. A bayan ɗakin Buwai ya sami sawu iri biyu.

Na farko ƙaramin takalmin roba ne. Ya fito daga ƙofa, ya zaga, ya shiga gonar gyaɗa. Mai shi bai yi gudu ba. Ta kwarin kunya ya bi, bai taka ko ganye ɗaya ba, kuma takunsa gajere ne. Ko dai yana rungume da abin da yake tsoron ya faɗi, ko kuma zane ne ke riƙe masa ƙafa. Buwai ya bi shi cikin gyaɗa, ya bi shi cikin gero, har zuwa burtali. A nan shanu sun wuce sun tattake komai. Ya zaga gabas, ya zaga yamma, sawun bai sake fitowa ba.

Na biyu babban sawu ne, a gindin katanga, daidai tagar ɗakin. Bai je ko'ina ba. Mai shi tsayawa yake yi a wuri ɗaya har ƙasa ta lotsa, kuma ba yau ya fara ba.

Ya koma zaure ya yi sallama da matar gidan, Barira, ta amsa daga bayan labule.

"Na ji an buɗe kwaɗo a hankali," in ji ta. "Na ce ko Malam ne ya manta carbinsa. Can na ji an rufe, har da mayar da mukulli saman ƙofa inda yake ajiyewa."

"Ba ki leƙa ba, Hajiya?"

"Me zan leƙa? Ɓarawo yana mayar da mukulli ne?"

* * *

Washegari da safe Buwai ya sami mai babban sawu yana gyaran dangar gidansa. Malam Iliyasu ne, mai koyar da yara karatu, wanda kullum ke faɗin cewa zaman sauraron kiɗa ɓata lokaci ne.

"Malam, na ga takalminka a bayan tagar Malam Badaru."

Malam Iliyasu ya saki igiyar da ke hannunsa. "Ni? Jiya ni na kira salla, gari duka shaida ne."

"Ban ce jiya ba. Na ce kullum."

Malamin ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Inuwa nake sha a wurin."

"Da la'asar rana ce ke dukan katangar nan."

Can Malam Iliyasu ya ce, "Akwai wani mai garaya da mahaifina ke so. In an sa shi nakan tsaya kaɗan. Buwai, maganar nan ta tsaya a nan."

"Ta tsaya," in ji Buwai, ya gutsura masa goro.

Daga nan ya wuce gidan Sabo. Ya tarar da shi zaune a zaure, ba wanda ya shigo gaishe shi tun jiya. Takalminsa na bakin ƙofa, ƙarami ne, na roba, amma dugadugan sun cinye ta waje, irin na mai tafiya a gwame. Sawun gonar gyaɗa kuwa a miƙe yake.

"Ba ni hannu mu gaisa," in ji Buwai.

Sabo ya yi jinkiri, sannan ya zaro hannun daga aljihu. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

"Wannan ba aikin rediyo ba ne."

"Baba Buwai, wa ke gyaran rediyo yanzu? Abin ci ma mutane ba su samu ba." Sabo ya dubi tafin hannunsa. "Ƙwadago na tafi, noman wani a can gaba da burtali, inda ba a san ni ba. Can na yi Juma'a. Ni da ake kira injiniya a kasuwa, in tsaya gaban gari in ce fartanya nake yi wa wani don kwanon masara?"

"Gara a ce maka ɓarawo?"

Sabo ya mayar da hannun aljihu.

* * *

Rana ta karkata lokacin da Buwai ya tsallaka rafi zuwa gida. Ya wanke mutum biyu, amma hannunsa babu kowa. Bai damu sosai ba, ya saba sawu ya ɓace ya sake ɓullowa inda ba a zata ba. Ya ce bari ya biya ya duba yayansa.

Tun daga bakin danga ya jiyo gogen. Faifan nan ne dai, wanda ake sa wa Maikano kullum. Ya ɗaga ƙafa zai shiga ke nan sai ya tsaya cak. Izga ce ke gogar tsirkiya, yana jin kowane ja. Kiɗan ya ɗan lafa, sai ga dogon numfashin nan, sannan murya ta tashi.

Buwai ya daɗe a tsaye, goron bakinsa ya daina yi masa daɗi.

Larai matar Maikano ce ta fara ganinsa. Ta fito da ƙwarya a hannu, fuskarta a sake. "Shigo ka ga abin mamaki! Jiya ya sha kunu, yau ya sha, har ya nemi ƙari."

A ƙofar ɗakin akwai ƙaramin takalmin roba, da busasshiyar laka a gefensa. Na Dokas ne, 'yar Maikano, wadda ta koyo haɗa sola a birni. Ita ce ta ja wa Malam Badaru wutar ɗakinsa bara. Tana zaune kusa da gadon mahaifinta. A bayan dibidi, ƙarƙashin wani ɗankwali, wani abu ya yi tudu. Idonsu ya haɗu, ta tashi ta biyo shi gindin kuka.

"Baba, na san kai za a kira."

"Me ya sa ba ki roƙa ba?"

"Mutumin da ya hana mai unguwa, ni zai ba? Ina wurin ranar, ina saman tsani ina ja masa waya." Ta share ido da gefen zane. "Kai ma ka ga yadda yayanka yake ƙarewa. Na ce in aro masa na kwana biyu in mayar, ba wanda ya sani."

"Kin ji abin da ake shirin yi wa Sabo?"

"Yau da safe na ji. Tun lokacin ban iya haɗiyar komai ba."

Buwai ya jingina da kukar. Ya san abin da wasu za su ce: daga tsallaken rafi aka zo, aka kuma zaɓi lokacin da mutane ke salla. Zaman lafiyar da ke tsakanin gidajen nan da garin tsoho ne, amma yunwa na sa baki ya yi kaifi. Yana iya ɗaukar akwatin ya ajiye a gonar gero ya ce tsinta ya yi. Sai dai in ya yi haka, har Sabo ya mutu za a riƙa cewa tsoro ne ya sa ya yar.

"Yau ki bar masa ya ji," in ji shi. "Gobe bayan an taso daga coci za ki ɗauko shi da hannunki, ki biyo ni."

* * *

Lahadi da la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa. Malam Badaru na zaune a kan buzu, Malam Iliyasu a gefensa, Sabo can ƙarshen tabarma shi kaɗai. Samari sun yi cirko-cirko a baya.

Buwai ya miƙe da sandarsa. "Ranka ya daɗe, sawu biyu na gani. Ɗaya na mai wucewa ne, ba ruwansa." Malam Iliyasu ya sauke ajiyar zuciya har aka ji. "Ɗayan ƙarami ne, shi ya sa ya yi kama da na Sabo. Amma Sabo a gwame yake tafiya, wannan a miƙe. Inda Sabo ya tafi ranar Juma'a na sani, halak ya je nema, kuma ba dole ne ya faɗa wa kowa ba."

"To wane ne?" in ji mai unguwa.

"A burtali sawun ya ɓace mini. Ba idona ne ya samo shi ba, kunnena ne. Kuma a gidan yayana na same shi." Ya juya. "Dokas, fito."

Ta fito daga bayan zaure rungume da abu a ɗankwali, ta durƙusa ta ajiye gaban Malam Badaru. Wuri ya kaure. Wani saurayi ya ɗaga murya, "Muna salla suka shigo mana!"

"Mutum ɗaya ce ta shiga," in ji mai unguwa da ƙarfi, "kuma ɗan'uwan ubanta ne ya kawo ta. Wanda ke da abin da ya fi wannan ya faɗa." Saurayin ya ja da baya.

Malam Badaru ya kwance ɗankwalin, ya juya akwatin ta kowane gefe, ya hura ramukan wayoyin. Fuskarsa a murtuke take. "Da me kika haɗa shi?"

"Da dibidinmu, Malam. Tana da ramin da ke fitar da lambobin kai tsaye, sai na tsallake nata tafintan."

"Wannan ɗan aiken banzan?" Ya girgiza kai. "Me ya kai ki?"

"Duk sanda na sa wa Baba faifan sai ya juya wa bango fuska. Ya ce ba gogensa ba ne, wani ne ke kwaikwayonsa. Har ya fara cewa wataƙila dama bai taɓa iyawa ba, mutane ne suka yi ta yi masa kara. Daga nan ya daina cin abinci." Ta gyara durƙuso. "Ranar Juma'a da na haɗa wannan, ya saurara, ya saurara, sai ya ce, 'Ga ni nan.' Na yi laifi, Malam. Duk hukuncin da aka yanke na ɗauka."

Malam Badaru ya shafa saman akwatin. Can ya ce, "Ni na yafe nawa. Amma ba ni aka fi cuta ba."

Duk aka waiga wurin Sabo. Dokas ta ja gwiwa har gabansa. "Malam Sabo, ka yi mini aikin gafara."

"Kwana biyu ko sallama ba a yi a ƙofata ba," in ji Sabo a hankali. "'Ya'yana sun kasa fita wasa."

"Wannan ba ita kaɗai ba ce," in ji mai unguwa. "Duk wanda bakinsa ya kira sunan Sabo ranar Juma'a, ya taso ya ba shi hannu. Yanzu."

Aka yi ta tasowa ɗaya bayan ɗaya, wasu na sosa ƙeya. Da aka gama Sabo ya dubi Dokas. "Zan yafe, amma da sharaɗi. Ki koya mini haɗa solar nan. Rediyo ta daina ciyar da gida."

"Jibi ina da aiki a Tsanyawa," in ji ta. "Ka zo da filaya."

Malam Badaru ya miƙe, ya rungumi tafintansa. "Sabo, je ka ɗauko ɗan aike, ka riƙe shi da hannu biyu. In Maikano zai ji kansa, ya ji shi yadda na ɗauke shi."

* * *

Haka aka tsallaka rafi a jere, an naɗe wanduna zuwa gwiwa, Malam Badaru a gaba yana taka duwatsu kamar mai ɗauke da jariri. Dattawan zaman la'asar duk sun biyo, har da Malam Iliyasu, wanda ya ce shi dubiya ya zo.

Aka fito da gadon Maikano tsakar gida, aka jingina shi da filo. Malam Badaru ya haɗa kayan da kansa, Dokas na miƙa masa wayoyi. Buwai ya sami turmi ya kifa ya zauna, ya ɓare sabon goro. Gogen ya tashi, wuri ya yi tsit, har kaji suka daina tono.

Ana tsakiyar waƙa Maikano ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Tsaya," in ji shi, maganar na fita da nauyi. "Koma baya."

Aka koma. Ya karkata kai, sai gefen bakinsa ya motsa da murmushi. "Kun ji? Yatsa ya zame a nan."

"Ni dai ban taɓa lura ba," in ji Malam Badaru.

"Ya zame. Ina cikin kiɗa wata yarinya ta wuce da tulu a kanta, na waiga." Ya nuna Larai da haɓa. "Ga ta can."

Dariya ta ɓarke a tsakar gidan. Larai ta rufe fuska da mayafi, ta yi kamar za ta shige ɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba wucewa na yi ba," in ji ta. "Sau nawa ina zagayowa da tulun nan, ba ko ɗigon ruwa a ciki, kafin ka ɗago kai."